Tabarmar da Aka Bari a Gindin Tsamiya

Zuwa ga ɗana, Mai sunan Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cin tuwon gidanka a Sakkwato. Ina gajiyar zaɓe, ina hidimar jama'a? Allah ya huci gajiya. Na ji an sa ranar da za ka tashi zuwa Ikko ka kama kujerarka a majalisar ƙasa. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, da sharrin mai yi maka dariya alhali zuciyarsa ba ta tare da kai. Uwarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta ji daɗi. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ranar da rediyo ya faɗi sunanka sai da na shiga ɗaki na turo ƙofa, don kada a ga tsohon soja yana share ido.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ƙannenka sun ishe ka. Ka san ni da baki, duk ƙasar Bakura ba wanda bai san Garba Soja da baki ba. Amma kai ɗan fari ne, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, nauyin abin ya fi ƙarfina. Takarda ba ta da ido, saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Na ɗaukar maka wani alkawari ba da saninka ba, yana nan yana jiranka a gindin tsamiyar bakin gulbi. Ba za ka gane nauyinsa ba sai na fara ba ka labarin mutumin da na raɗa maka sunansa.

Malam Hamidu kakan kakana ne. Yau na rubuta sunan sau ɗaya, Allah ya gafarta mini, daga nan Malam kawai zan riƙa cewa, yadda muka taso muka ji. Ya yi zamani lokacin da daular Sakkwato take sabuwa, ganuwar birnin ma ba ta gama bushewa ba. Abin da na sani game da shi daga bakin kakata Goggo Kulu na ji, ita kuma daga surukuwarta, wadda aka kawo amarya gidan Malam yana tsoho. A zamaninsu babu lauya mai baƙar riga da hular gashi irin taka. Wakili ake cewa, mutumin da ke tsayawa gaban alƙali a madadin wanda ba zai iya tsayawa ba: macen da mijinta ya rasu, baƙon da bai san gari ba, mai in-ina, ko wanda kwarjinin alƙali ke hana shi faɗin tasa. Malam ya yi yawon karatu har gemunsa ya fito a garin mutane, ya dawo da fiƙihu a ka, aka so a ba shi limanci ya ce shi ya fi son ƙofar alƙali, can ne ake kuka.

Abin da ya fara fitar da sunansa shi ne ba ya karɓar magana daga zaune. In ka kawo masa ƙarar gona, ba zai ce maka komai ba sai, "Mu tahi in gani." Zai ɗauki sandarsa da gorar furarsa, don ba ya cin abincin mai ƙara ko na wanda ake ƙara, ya bi iyakar gonar da ƙafa, ya tambayi maƙwabcin gabas da na yamma. In ya ga gaskiya taka ce, ka huta, don Goggo ta ce in Malam ya miƙe gaban alƙali ko tari ba a yi. In kuwa ya ga ba ka da ita, zai ja ka gefe inda ba mai ji ya ce, "Taho in raka ka ka ba da haƙuri tun ba a ji mu ba." Mutane da yawa sun yi fushi da shi a kan haka, daga baya suka dawo suna gode masa.

Ni na gaji bakinsa, ƙafarsa ce ban gada ba. Da na dawo daga soja ina jin kaina, wani abokina Mamman ya zo ya ce shanun wani Bafillace sun cinye masa dawa. Ban tambayi komai ba na ce mu je. A gaban alƙalin Bakura na yi magana har bakin Bafillacen nan ya mutu, ya tsaya rungume da sandarsa yana kallona kawai. Muka ci shari'a, aka yi ta yaba mini a kasuwa. Bayan kaka na bi ta gonar Mamman zan tafi Dakko, sai na ga ashe Mamman ya nome burtalin shanu tsaf, tun daga bakin hanya har mashaya. Shanun ba su da inda za su bi sai ta cikin dawarsa. Bafillacen ya riga ya kwashe garkensa ya bar mana ƙasa, gonakinmu suka daɗe ba su ga taki ba. To ka ji. A Ikko za a riƙa kawo maka magana a rubuce, an gyara ta tsaf, an ɗaure da igiya. Kada ka sa bakinka a kan ƙasar da ƙafarka ba ta taka ba. Na san ka san wannan, don na ji yadda ka yi a shari'ar masuntan Tsibiri, ka shiga kwalekwale da takalminka a hannu don ka ga tafkin da ake rigima a kai. Ranar da aka ba ni labarin tuwo biyu na ci.

Sunan Malam ya yi ta tafiya har ya kai Sakkwato. Wata rana manzo ya zo da kira, aka ce ana son sa cikin malaman da ake shawara da su kafin a fitar da doka zuwa ƙasashe. Wato abin da ya same ka yanzu shi ya same shi, daga tsaya wa mutum ɗaya ya koma tsaya wa ƙasa. Goggo ta ce a can ma bai ɓoyu ba. Ba shi da yawan magana a majalisa, amma in an rikice a kan wata mas'ala sai a juya a dube shi. Shi ya dage sai da aka sa hannu kan masu tauye mudu a kasuwa, shi ya tsaya a kan kada a raba gadon marayu sai da wanda zai tsaya musu.

To a shekarunsa na farko aka kawo wata shawara. Mahara sun dami ƙananan ƙauyukan bakin gulbi, saboda haka aka ce a tashe su duka a tara su cikin garuruwa masu ganuwa. Malam ya duba littafi ya ga tsare rai yana gaba da komai, ya goyi baya, har ma bakinsa ne ya rinjayi masu ja. Doka ta fita, ta ci har ƙauyenmu, aka kwashe mutanenmu zuwa cikin ganuwa. Da kaka ta yi ya zo ganin gida a kan doki, da alkyabba da rawanin da aka naɗa masa. Mutane suka fito suna durƙusawa, kowa "Allah gafarta Malam, lahiya lau, sai godiya." Ya yi kwanaki yana karɓar gaisuwa yana jin daɗi, ba wanda ya ce masa ga abin da ke damunsa.

Sai wata safiya ya gangara gulbi shi kaɗai zai yi alwala, gindin tsamiyar nan ya kare shi daga wasu mata masu wanki. Ya ji ɗaya tana kukan albasarta da ke fadama, yanzu ganuwa ta yi nisa da ita, kafin a buɗe ƙofa a iso birai sun gama ɓarna. Ɗayar ta ce ai sai ta kai kuka wurin Malam tun da ya zo. Ta farkon ta ce, "Wane Malam? Malam ya zama na Sakkwatawa. Mi za ki hwaɗi mishi, shi da anka yi dokar da bakinai?"

Goggo takan ce a nan Malam ya tsaya da buta a hannu har rana ta ɗaga. Ba dokar ce ta fi ƙona masa rai ba, don doka ana gyara ta. Abin da ya dame shi shi ne mutanen da suka goya shi sun daina gaya masa gaskiya, kuma rawanin kansa ne ya rufe musu baki. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗauko tabarmar kaba da kansa, ya shimfiɗa a gindin tsamiyar, ya kwance rawanin ya ajiye a gabansa, ya zauna da kai a buɗe. Ya sa aka tara gari maza da mata ya ce, "Yau ba ni da baki, kunne gare ni. Kowa ya hwaɗi abin da ac cikinai. Amsa sai gobe, in Allah ya kai mu."

An daɗe ana kallon-kallo. Can wata tsohuwa da ta yi renonsa ta share maƙogwaro ta ce, "Kai da munka goya, ka tahi ka sa baki anka raba mu da albasarmu. Birai na cin wahalarmu, kai kana can kana cin tuwon Sakkwato." Daga nan baki ya buɗe. Aka faɗa masa mai daɗi da marar daɗi har la'asar, wani ma abin da bai shafe shi ba ya haɗa. Bai ce uffan ba. Washegari ya dawo tabarmar ya amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. Inda ya yi kuskure ya ce ya yi, inda su ne ba su gane ba ya yi musu bayani, inda ba zai iya ba ya ce ba zai iya ba. Sannan ya bar dokin a gida ya koma Sakkwato a ƙasa.

Abin da ya fi burge ni da shi a can ya yi shi. Da ya shiga majalisa bai ce jama'a suna gaisuwa suna neman a ɗan duba musu ba. Cewa ya yi, "Ga abin da wata tsohuwa tac ce in hwaɗa muku," ya maimaita maganarta yadda take, har da biran da tuwon. Aka yi dariya, sannan aka yi tsit. Bai bar wurin ba sai da aka sassauta dokar, aka yarda masu fadama su riƙa fita su kafa bukkoki kusa da shukarsu da rani. Tun daga shekarar, kowace kaka sai ya zo ya shimfiɗa tabarmar nan ya tuɓe rawani. Har yau tsofaffin garinmu in an ce zaman tabarma sun san abin da ake nufi, ko da yake tun bayan kakana ba wanda ya ƙara yi.

A nan ma na faɗi, kuma wannan faɗuwar kai ma ka ga ƙurarta ko da ba ka san tushenta ba. Lokacin da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, masu awon ƙasa suka zo neman mai jin Turanci. Ni kuwa ina da ɗan Turancin bariki, sai aka ɗauke ni tafinta. Ban ce dam sharri ba ne, har gobe ba zan ce ba. Wanda ya ga farin da muka gani, ya ga shanu suna faɗuwa a tsaye, ba zai ƙi a tare ruwa ba. Amma ni ba ruwan ne ya ruɗe ni ba, kujerar gaban mota ce. Tsohon banza da ni, in mun ratsa gari sai in fito da gwiwar hannu ta taga ina ɗaga wa mutane hannu, ina so a ga da wa nake tafe.

Mutanen Maradun ruwa ya ci gonakinsu aka tashe su. Mu na ƙasa kuma aka ce za a baje namu gonakin a ja magudanan ruwa, daga baya a mayar wa kowa nasa. Aka tara mu a ƙofar mai gari, Baturen aikin ya yi bayani na fassara. Sai Baba Ɗandare, ka san shi, tsohon nan mai ido ɗaya na unguwar marina, ya miƙe ya ce, "Garba, gaya mai. Ƙasag ga kakanninmu na ciki kwance. In ya share iyaka, ya tuge itace, ina za ni nuna ma ɗiyana in ce nan an naku?" Na dubi Baturen na ga ya gaji, na tuna kujerata, sai na ce masa tsohon yana yi masa barka da zuwa, yana tambayar yaushe ruwa zai iso. Bature ya yi murmushi ya ɗaga masa babban yatsa. Baba Ɗandare ya ce, "Garba, abin da nic ce ba na murmushi ba na." Maimakon in ji kunya sai bakin nan nawa ya riga ni, na ce, "To Baba, in ka iya Turanci ga ka ga shi." Aka kwashe da dariya, tsoho ya zauna. Na ci wannan zaman, amma daga ranar in na doso majalisar ƙofar masallaci sai hira ta koma ta ruwan sama.

Abu biyu nake so ka ɗauka a nan. In talaka ya ba ka magana ka kai, ka kai ta da ɗacinta, kada ka zuba mata sukari don ka ga manya sun gaji. Ba taka ba ce, aike ne. Na biyu, bakin da ka gada a wurina kyauta ce, shi ya ci maka shari'u, amma yana da sauri fiye da hankali. In an faɗa maka mai zafi, ka bari ka kwana da ita. Amsar da ta zo maka nan take, mai sa a yi dariya, ita ce za ka yi shekaru kana cizon yatsa a kanta.

Ka san yadda Malam ya bar majalisa? Ba tsige shi aka yi ba, ba kuma ƙarfinsa ne ya ƙare ba. Kunnensa ne ya yi nauyi. Wata kaka ya zauna zaman tabarma ya ga bakin mutane yana motsi shi ba ya kama abin da suke cewa sai an ɗaga murya, kuma ba mai iya yi wa tsoho faɗa da ihu. Ya koma Sakkwato ya miƙa rawanin. Aka ce ai ilminsa na nan, harshensa na nan, ya zauna. Ya ce wanda ba ya jin mutanensa ba shi da abin da zai faɗa a madadinsu. Ya dawo gida ya ƙarasa kwanakinsa yana karantar da yara, aka binne shi ba nisa da tsamiyar. Ni dai ban taɓa jin labarin mutumin da ya kai shi a idona ba, shi ya sa da aka haife ka ban yi shawara da kowa ba wajen suna.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Katafila ta gama da gonakinmu, ka gani da idonka lokacin yawon neman ƙuri'a. Fili ya zama ɗaya kamar faifai, ba gamba, ba ɗorawa, ba inda za ka ce nan gonar wane ta tsaya. Damina ta zo ta wuce an hana shuka, wata ma ta bi ta, rumbuna sun koma ɗakin kaji. Kwanan nan kuma aka shafa wa tsamiyar jan fenti, an ce magudanar ruwa ta nan za ta bi. Mutane ba su da wanda suke kallo sai kai. Ran Talatar da ka zo godiya Talata Mafara, garinmu kaf ya tafi kasuwa, har waɗanda ba su da abin saye. Ka yi magana a lasifika, ka yi kyau, na ji ana cewa ɗan Garba ya iya. Suka jira ka biyo su gida, sai direbanka ya kawo saƙo wai lokaci ya ƙure, kowa ya rubuta kokensa a aika maka Ikko. Na san ba da wulaƙanci ka yi ba, na san yadda 'yan jam'iyya suke jan rigarka ta ko'ina. Amma raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro.

Dalilin tsoron shi ne samari sun fara maganar tare hanyar masu aiki da kututture, su hana kowace mota wucewa. Ni na yi soja, na san abin da ke biyo bayan tare hanya, kuma ba na so in gan shi a ƙofar gidana. Na rasa abin yi. Ran Juma'a da aka sauko masallaci sai na ga ƙafata ta kai ni ɗakin uwarka, na ɗauko tabarmar kaba. Ta dube ni ta ce, "Mai gida, lahiya?" Na ce mata in ban dawo da mutuncina ba ta yi haƙuri. Na je na shimfiɗa a gindin tsamiya, ƙarƙashin jan fentin, na cire hulata na ajiye a gabana. Tsofaffi na gani suka gane. Kafin wani lokaci gari ya taru.

Baba Ɗandare ne ya fara, ana riƙe da hannunsa. Ya ce, "Garba, ba kai munka zaɓa ba. Amma tun da kai az zamne, ji. Ɗanka ya zo nan shina biɗar ƙuri'a, ya duƙa ya sha ruwan randata. Ran Talata ya wuce shina ɗaga muna hannu ta gilashi, awa ubanai cikin motar Turawa." Wallahi amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau kuwa, wadda za ta sa a yi dariya. Na danne ta da haƙori har sai da na ji gishirin jini.

Sai Gwamma, matar marigayi Audu mai jaki, ta matso da mayafinta ta ce, "Ni ba takarda gare ni ba, ban san ta inda aka kama ta ba. Gonata tana tsakanin aduwa da suri. Aduwa anka tuge, suri anka baje. Shi da yak karanta shari'a, shi zo shi nuna min inda za ni tsayawa in ce nan ag gonar marayuna." Bayanta aka yi ta faɗa, wani da kuka, wani da zagi. An zage ni, an zage ka, an haɗa da wanda ya koya mini Turanci. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Abin mamaki, da la'asar ta yi sai na ji jikina sakayau, kuma mutanen da suka yi shekaru suna gaishe ni daga nesa suka matso har gwiwarsu tana taɓa tabarmar.

Da aka gama Baba Ɗandare ya ce, "To, mun hwaɗi. Gobe mu taho jin amsa?" Na ce, "Baba, kunnen na ara muku, amsa ba tawa ba ta. Mai ita na nan tahe kahin shi wuce Ikko." Sale ɗan Gwamma, wanda shi ne kan gaba a maganar tare hanya, ya ce in ba ka zo ba fa? Na ce za ka zo. Ban tambaye ka ba, ban san ranar tashinka da kyau ba, amma na faɗa a gaban gari da kaina a buɗe. Tsofaffi suka sa baki, samarin suka yarda ba za su taɓa hanya ba sai sun ji daga bakinka. Na miƙe zan naɗe tabarma Baba Ɗandare ya taka gefenta da ƙafa ya ce a bar ta, wanda zai amsa shi zai naɗe. Aka ɗauko duwatsu aka danne kusurwoyinta.

To ka ji alkawarin. Ba na ce ka zo ka tsayar da dam ba, ba ka iyawa, kada ma ka ce za ka iya. Ba na ce ka ceci tsamiyar ba, itace ce, ta yi zamaninta. Cewa na yi ka zo ka zauna. Ka bar motar a mararrabar Bakura tare da masu rakiyarka, ka ƙaraso da ƙafa ta cikin filin da aka baje, ka tsaya inda Gwamma za ta nuna maka. Ka cire doguwar hular nan ka ajiye a gabanka. Za a faɗa maka abin da ba ka taɓa ji ba a kotu, kuma kai lauya ne, kowace magana za ka ga ƙofar da za ka bi ka rushe ta. Kada ka bi. Ka kwana a gidan ubanka, da safe ka ba su amsa, abin da za ka iya da abin da ba za ka iya ba. Sannan ka ɗauki maganarsu yadda take ka kai Ikko, har da aduwar da surin. In sun yi dariya a can ka bar su su yi, za su yi shiru daga baya.

In kuma ka ga ba za ka samu zuwa ba, ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye. Kai ɗana ne ko ka zo ko ba ka zo ba, addu'ata tana bayanka har Ikko. Zan je da kaina in ɗage duwatsun in naɗe tabarmar a gaban Baba Ɗandare, in tsaya a hanya tsakanin samarin nan da abin da zai zo, iyakar ƙarfin tsufana. Sai dai daga ranar zan riƙa ce maka Honarabul kamar yadda kowa yake ce maka, don ba zan iya ci gaba da kiranka da sunan da nake kiranka ba.

Amma ban sa ran haka ba. Na ga yaron da ya shiga kwalekwale da takalmi a hannu. Uwarka ma ba ta tambaye ni ko za ka zo ba, ta riga ta sa an share ɗakinka, ta jiƙa geron fura.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka kunnen Malam da ƙafarsa, ya rage maka saurin bakina. Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya raba ka da kujerar da za ta raba ka da mutanenka, ya dawo mana da kai lafiya duk lokacin da ka tafi. Ka gaishe da mai ɗakinka da jikokina. Kullum da safe nakan bi ta gindin tsamiya in kakkaɓe ganyen da ya zuba. Tabarma tana nan yadda aka bar ta.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba Soja.